Rajistar sunan kasuwanci ko buɗe kamfani: wanne ya dace da mai sana'ar kansa?

Duk wanda ya yanke shawarar kama sana'ar kansa a Najeriya, tela ne ko mai POS ko mai haɗa sabulu a gida, zai tarar da hanyoyi biyu a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC: ya yi rajistar sunan kasuwanci, ko ya buɗe kamfani.

Rajistar suna ita ce mai sauƙi da araha. Ana neman lambar NIN da hoto da sa hannu da adireshin wurin sana'a, kuma ana iya kammalawa ta intanet. Da takardar ake buɗe asusun banki da sunan shago, haraji kuwa hukumar jiha ake biya. Doka ta ba da kwana 28 daga fara kasuwanci, amma wanda ke sana'a da ainihin sunansa ba tare da ƙari ba, rajistar ba ta zama dole a kansa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bashi, domin a idon doka mutum da kasuwancinsa abu ɗaya ne, idan kayan da ya karɓo bashi a Kantin Kwari suka salwanta a hanya, masu kaya suna iya bin motarsa da filinsa ta kotu.

Kamfani kuwa doka tana ɗaukarsa daban da mai shi. Tun da aka kafa dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, mutum ɗaya yana iya buɗe shi, kuma mafi ƙarancin hannun jarin da za a bayyana naira 100,000 ne. Asarar mai shi ba ta wuce hannun jarinsa, sai fa idan ya tsaya wa kamfanin da kansa wajen karɓar rance, abin da bankuna suka saba nema. Ɗawainiyarsa ta fi yawa, domin akwai ajiye lissafi da kai bayanan haraji ga hukumar tarayya ko da ba a ci riba ba. Rahoton shekara ga CAC yana kan ɓangarorin biyu, jinkirinsa kuma yana jawo tara.

A ganina mai ƙaramin jari da ke saye da sayarwa kuɗi hannu ya tsaya a rajistar suna, kada sha'awar a kira shi darakta ta ɗora masa nauyin akanta duk shekara. Wanda zai riƙa ɗaukar kaya masu yawa bashi, ko neman kwangilar gwamnati, ko haɗa jari da 'yan'uwa, kamfani ne ya fi masa kwanciyar hankali. Mai abinci ko sabulu ko man shafawa na leda da kwalba kuwa, kowacce ya zaɓa, sai ya nemi lambar NAFDAC daban.