Shagon tura fim na Titin Bauchi: abin da za ka samu da abin da ba za ka samu ba

Duk mai bin Titin Bauchi a Jos, kafin a kai kwanar shiga Unguwar Rogo, ya san shagon nan mai shuɗin fenti da benci biyu a ƙofa. Ba shi da allon suna. Ka ce wa mai Keke "wajen tura fim", zai sauke ka a bakinsa. Tsohon shago ne. Da hayar kaset ɗin bidiyo ya fara, lokacin da ake barin katin shaida ko agogo jingina kafin a ba ka fim kwana ɗaya. Daga baya ya koma faifan CD. Yanzu kantocin faifan suna nan jikin bango babu kome a kansu sai cazar waya, harkar kuwa ta tattara ta koma kan tebur guda: kwamfutoci biyu, igiyoyi rututu, da yaro ɗaya mai saurin hannu.

Mu mutanen Jos muna da alfahari da talabijin, kuma ba a banza ba. A garin nan aka fara watsa shiri mai launi a Najeriya, a gidan talabijin na Binuwai-Filato cikin shekarun 1970, kafin NTA ta haɗe gidajen talabijin a 1977. Nan kuma gwamnatin tarayya ta zaɓa ta ƙaddamar da sauyawa zuwa dijital ranar 30 ga Afrilu, 2016, da dikodar FreeTV, kafin a je Abuja a ƙarshen shekarar. Tamu dikodar tana falo, da ita nake kallon labaran ƙarfe tara. Amma a ganina ba ita ce ta canza yadda ake kallo a unguwanninmu ba. Waya ce ta canza shi, da irin wannan shagon da ke cika ta.

Yadda ake yi ba wuya. Ka miƙa wayarka, ko memori, ko filashi, ka faɗi abin da kake so. In ba ka sani ba, yaron zai juya maka fuskar kwamfuta ka zaɓa. Sun kasa kayansu da kyau: shirye-shiryen Hausa masu dogon zango a wuri guda, fina-finan Indiya na fassara a wani wurin, sai wa'azi da tafsiri, sai katun na yara, sai ƙwallo ga wanda wasa ya wuce shi. Kuɗin kashi ɗaya bai kai na ƙosan karin kumallo ba, kuma in ka ɗauki zango guda cur ana yi maka ragi ba tare da ka roƙa ba.

Ni saboda Inna nake zuwa. Ba ta riƙe babbar waya, ba ta kuma son ta. Talabijin ɗinta na da ramin filashi a baya, shi ke nan. Ranar farko yaron ya tambaye ni, "Kawu, a waya za a kalla ko a talabijin?" Da na ce na tsohuwa ce, sai ya sake zaɓo manyan fayiloli masu hoto garau, ya jera mata su da lamba, 01, 02, 03, don kada kashi na goma ya riga na biyu fitowa. Ya kuma soka filashin a wani ƙaramin talabijin da ke gefe ya tabbatar yana buɗewa kafin ya ba ni. Wannan ƴar kulawar ita ta sa ban sake neman wani shago ba. Wanda bai taɓa zama yana yi wa tsohuwa bayanin me ya sa wanda aka binne jiya ya dawo yana shan shayi yau ba, ba zai gane darajar lambobin nan ba.

Wani zai ce ai mafi yawan shirye-shiryen nan suna YouTube kyauta, tun da kasuwar faifai ta mutu masu shirya fim na Kannywood suka koma can. Haka ne. To amma kyautar da data ake kallonta, ga sabis da ke zuwa yana tafiya, ga wuta da ba a san ranar zuwanta ba. Abin da aka tura maka kuwa ya zama naka: a kalla da rana, a maimaita da dare, a ba maƙwabciya.

Ga inda ban ji daɗi ba. Da yamma, musamman ranar da sabon kashi ya fito, layi ne sosai, kuma babu tsari. Mai ƙarfin murya shi ake fara sallama. Na biyu, filashina ya taɓa dawowa da cuta, fayilolin aikina da ke ciki suka ɓace. Mai shagon ya ba da haƙuri, ya ce kwamfutar ce ta kwaso daga wayar wani, amma haƙuri bai dawo da su ba. Ka ware filashi guda na fim kawai. Kada kuma ka bar wayarka a buɗe ka tafi salla, hotunan iyalinka na ciki. Fim ɗin Indiya da bai daɗe da fita ba, kar ka karɓa sai ka gani da idonka, don wani a sinima aka ɗauko shi, har kawunan mutane za ka gani.

Akwai abin da ya fi waɗannan damuna. Yara ƙanana na zuwa da wayar iyayensu, kuma ban ga ana tambayar su shekarunsu ba. A zamanin kaset, fim a falo ake kallonsa, gida duka na gani. Yanzu a cikin bargo ne da abin kunne. Na yi wa mai shagon maganar, ya ce, "Yallaɓai, akwai waɗanda ba na ba su," na kuma yarda da shi, sai dai ba kullum yake zaune a wurin ba.

Sai batun haƙƙin masu fim. Wanda ya zuba kuɗinsa ya shirya, daga yawan masu kallo a tasharsa yake samun abin da zai mayar, kuma kallon da Inna ke yi a filashi ba ya shiga wannan lissafin. Shi ya sa shirin da nake so da gaske nakan daure in kalle shi a tashar masu shi.

In kana da tsoho a gida, ko data na yi maka tsada, shagon ya cancanci zuwa. Ka je da safe tsakanin tara da sha ɗaya, lokacin babu kowa kuma mai shagon da kansa ke kan kwamfuta. Ranar Juma'a suna rufewa tun kafin azahar, sai bayan la'asar.