Ra'ayina kan tarakta MF 375 da silasha, ga mai shirin sayen na farko

In gonarka ba ta wuce hekta 10 zuwa 20 ba kuma yanzu ne za ka fara sayen tarakta, toh ni dai abun da zan ce maka shi ne kar ka fara da tambayar ƙarfin doki nawa ne injinta. Fara da tambayar me za ka rataya mata a baya, sannan waye zai kwance ta ya ɗaura in ta tsaya maka a tsakiyar watan Yuni lokacin da kowa ke rububin haro. Gonata tana wajen Saminaka ne, rabi masara da waken suya, sauran kuma fili ne da na bari saboda shanu, akwai gamba da kyasuwa da tofa a gefen rafi ga kuma kalgo da ke tsirowa ko'ina in ka ɗan yi sakaci. Abun da na saya shi ne Massey Ferguson 375 ta hannu, irin wadda kamfanin Millat ke haɗawa a Lahore ta Pakistan, da haro, da rija ta yin kunya, da silasha, wato injin share fili da ake ratayawa a bayan tarakta, mai faɗin ƙafa 5. Na yi damina da kaka da su, shi ya sa nake ganin zan iya cewa wani abu.

Taraktar kanta ba ni da ƙorafi a kanta gaskiya. Ƙarfin doki 75, injin Perkins mai silinda 4, giya 8 gaba 2 baya, babu wata kwamfuta a jikinta da za a ce sai an kira wani daga Abuja ya zo ya jona waya. Dalilin da ya sa na tsaya a kanta kenan duk da an yi ta zuga ni in ɗauki wata sabuwar fita mai kyan fenti, domin makanikin garinmu ya san 375 ciki da bai, filta, famfon ruwa, farantin kuloci, nozul, duk in babu a Saminaka akwai a Kaduna ko Jos, in ta yi tsanani Ƙofar Ruwa a Kano ba za ka rasa ba. Mahindra da John Deere da New Holland duk motoci ne masu kyau kuma akwai su a ƙasar nan, ban hana kowa ba, amma ka je ka zauna da makanikin da zai riƙa duba maka ita ka tambaye shi wacce ya iya, amsar da ya ba ka ta fi duk abun da dillali zai faɗa maka. Har tsofaffin Steyr da aka haɗa a Bauchi da Fiat na Kano za ka ga ana tallarsu da araha, suna da ƙarfi kam, sai dai ka tabbatar da inda za ka samu kayansu kafin ka zura kuɗinka.

In da ace noman gonata kaɗai nake yi, ba na yi wa maƙwabta aikin haya, MF 240 mai doki 50 ma ta ishe ni kuma ta fi shan mai kaɗan. Mai fadama ko mai ƙasar laka kuma ya duba 385 mai jan ƙafa huɗu, don tawa ƙafa biyu ke ja, in ƙasa ta jiƙe sosai sai dai a haƙura a jira ta sha iska.

Ta hannu kuma sai an buɗe ido. Ka ce za ka zo da sassafe kuma kar a tayar da ita kafin ka iso, ka ɗora hannu a jikin injin ka ji da sanyinsa, sannan a tayar a gabanka, injin da ya gaji a nan yake tona kansa. Ka buɗe murfin baƙin mai tana aiki ka ga ko tana huro hayaƙi, ka sa a rataya mata haro a ɗaga sama a kashe injin ka tsaya ka ga ko zai riƙa sauka da kansa, in yana sauka da sauri haidirolik ɗin na da magana. Mitar awa kar ta ruɗe ka, ana canza ta, fedar kuloci da ta birki ka duba yadda suka cinye. Sabon fenti ma ba komai ba ne. Kuɗi kuwa ba zan faɗa ba don tun da aka saki naira a 2023 farashin bin dala yake, abun da na biya ba shi za ka biya ba.

Yanzu maganar silasha, wadda ita ce ainihin abun da ya sa na zauna rubuta wannan. Ga wanda bai san ta ba, faranti ne babba na ƙarfe da wuƙaƙe biyu masu kauri a ƙarƙashi, ana jona ta da shaf ɗin PTO, wato sandar ƙarfen da ke kai mata ƙarfin inji daga bayan tarakta, wanda ke juyawa sau 540 a minti ɗaya. Wajen share fili wallahi ba ta da na biyu, gamba da ta fi tsayin mutum, karan masara bayan girbi, ƙananan kalgo da sabara masu kaurin yatsa, duk tana bi ta kai ta mayar da su dandaƙaƙƙu. Lissafin mai sauƙi ne, faɗin mita 1.5 in kana tafiyar kilomita 5 a awa ya kama kusan kashi uku cikin huɗu na hekta, amma da juye-juye da kauce wa kututture ka ƙaddara rabin hekta a awa. Ka kwatanta da 'yan ƙwadago da adda a filin da macizai suke. Abun da ya fi faranta min rai shi ne bana ban sa wa gonata wuta ba, karan da ciyawar suka kwanta suka rufe ƙasa, iskar hunturu ba ta kwashe ta ba, kuma na zagaye gonar da silasha na yi hanyar tare gobara saboda masu farautar gafiya da ke cinna wa daji wuta.

Amma fa ku ji da kyau, silasha ba injin yankan ciyawar dabbobi ba ce. Mutane da yawa da ke da shanu suna sayenta da niyyar su tara ciyawar rani, kuma masu sayarwa ba sa faɗa musu gaskiya don su dai a saya. Ita daddatsa ciyawa take ta watsa ta, ta haɗa da ƙasa, ganyen da shi ne mai amfanin ya farfashe, in ka zo tarawa ba abun da za ka ɗaure. Mai son ingirici injin da yake buƙata daban ne, akwai mai dogon hannu da haƙora da ke kai da komo kamar kilifar aski, yana yanke ciyawar daga gindi ta kwanta da tsayinta ta bushe a ɗaure, akwai kuma mai faifai masu juyawa wanda ya fi sauri ya kuma fi tsada. Ni ɓangaren gambar da nake so wa shanu har yanzu da lauje ake yanka min, silasha ba ta shiga wurin sai an kwashe. Tofa kuma kar ka sa rai silasha za ta kashe ta, saiwarta a ƙarƙashin ƙasa take yaɗuwa, kana yankewa tana dawowa da ƙarfinta.

Silashar tawa haɗin gida ce, wani mai walda ya ƙera ta ya ɗora mata giyabos na waje, farantin yana da kauri ba laifi, sai dai ya kawo min ita ba sarƙoƙin kariya a gaba da baya, sai da na sa aka ƙara. Wannan ba ado ba ne, na ga dutse kamar dunƙulen hannu ya fito daga ƙarƙashinta ya wuce ya bugi bishiyar ɗorawa har ɓawon ya tashi, kuma kun san yaran ƙauye da jin ƙarar tantan sai su biyo ta a guje. In ana aiki kowa ya yi nisa, ba wasa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin bol a jikin shaf ɗin da aka yi shi musamman don ya karye in wuƙa ta daki kututture ko suri, direbobi suna jin haushinsa sai su cire su sa mai tauri ko guntun rodi, toh ranar da ta sake dukan wani abu giyabos ne zai tafi ko ma cikin taraktar. Ka sayi irin bol ɗin da yawa ka zuba a akwatin kayan aiki, arha ne da shi.

Shaf ɗin nan kuma don Allah a bar masa rigarsa ta roba. Sau 540 a minti yana nufin sau 9 a daƙiƙa ɗaya, in ya kama bakin riga ko rawani babu lokacin da mutum zai ce wayyo. Na hana direbana hawa da jamfa mai faɗi, kuma ba a sauka a leƙa ƙarƙashi sai an kashe injin an jira wuƙaƙen sun tsaya cak, don suna ci gaba da juyawa bayan an cire PTO.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne lagireto. Ranar da kake silasha a busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi da furen kyasuwa suna liƙewa a ragar gaba har su yi kamar an shimfiɗa bargo, kana cikin aiki sai ka ga allurar zafi tana hawa. Direba ya riƙa tsayawa yana kakkaɓewa da buroshi mai laushi, da yamma a hura, haka ma filtar iska. Giris a jikin shaf kullum kafin a fita, a duba man giyabos, baƙin mai kuma ina canzawa duk awa 250. Gas ɗin bakin hanya na jarka ina gudunsa, ruwa da datti ke kashe famfon injekta kuma gyaransa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tayoyin gaba kuma ka shirya abota da mai faci, kututturen da silasha ta yanke yana barin tsini.

Mai hekta 3 ko 4 gaskiya ban ga dalilin da zai sa ya ɗaure kuɗinsa a tarakta ba sai in aikin haya zai yi da ita da gaske, ya ɗauki haya lokacin haro, ciyawa kuma ƙaramin injin nan da ake ratayawa a kafaɗa mai amfani da fetur zai share masa gefen gona da bakin rafi inda tarakta ma ba ta iya shiga. Ni da aikin maƙwabta nake fitar da kuɗin gas da albashin direba. Abun da ya rage min yanzu shi ne injin nan mai haƙora, ina so in Allah ya hore in same shi kafin ƙarshen damina mai zuwa don in yanke gambar tun ba ta yi fure ta yi tauri ba, lokacin da shanu suka fi cin ta.