Lambar Jamus a kan motar Italiya: me kamfanonin rajista ke sayarwa?

Duk wanda ya yi wa motarsa kwaskwarima a Italiya ya san sashe na 78 na dokar hanya. In ka sauke mota ƙasa da sabon sifirin, ko ka canza birki, ko ka ƙara wa inji ƙarfi, dole ka kai ta ofishin Motorizzazione, wato hukumar duba motoci ta Italiya, su duba su rubuta canjin a takardar mota. Yawancin irin wannan aikin kuma sai ka zo da takardar amincewar kamfanin da ya ƙera motar, wadda da wuya a samu, don ba mai son ɗaukar alhakin aikin da ba shi ya yi ba. 'Yan sanda suka tare ka ba a rubuta ba, tarar daga yuro 430 zuwa 1,731 ce, su kuma karɓe takardar. A wannan matsin ne wasu kamfanoni suka samu kasuwa: su kai motarka Jamus a gwada ta, a yi mata rajista da sunan wani kamfanin can, sannan su dawo maka da ita da lambar Jamus a matsayin haya ko aro.

Abu biyu ne suke haɗawa su sayar da kuɗi ɗaya, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Na farko shi ne gwajin, kuma wannan aiki ne na gaske. Ana fara soke rajistar motar a PRA, wato ofishin rajistar mallakar motoci na Italiya, a matsayin wadda za ta fita waje, a mayar da lamba. Sai dai dole gwajin lafiyarta na Italiya ya zama bai ƙare ba. Daga nan a ɗora ta kan tirela zuwa Jamus. A can injiniyan TÜV ko DEKRA, wato kamfanonin gwajin mota na Jamus, zai bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo da takardar ABE ko Teilegutachten, wato takardun shaida da ke zuwa da kayan kwaskwarima a Jamus, zai duba lambar da ke jikin ƙarfen ya gwada da ta takarda, ya tabbatar an ɗaura shi daidai. Wanda ba shi da takarda sai an yi masa gwaji na musamman ƙarƙashin sashe na 21 na dokar StVZO, wato dokar Jamus kan ƙa'idar motocin da za su hau titi, kuma nan kuɗi ke tashi. Yana murɗa sitiyari har ƙarshe ya ga ko taya na gogar bodi ko tiyon birki, yana auna ƙarar salansa, yana duba ko wilin zai ɗauki nauyin motar. Abin da ya wuce ana rubuta shi a gurbi na 22 na takardar rajista. Kamfani mai kyau zai nemi hoton lambar kowane ƙarfe tun motar ba ta bar gida ba. Wanda ya ce "kawo kawai, komai zai wuce", ka guje shi, domin a Jamus ma motar da aka cire wa indomi (matatar hayaƙin da ke cikin salansa) ko matatar hayaƙin dizal ba ta wucewa, haka wadda ƙararta ta haura ƙa'ida.

Na biyu, wato barin motar da sunan kamfaninsu, shi ne inda ba na ba kowa shawarar ya shiga ido rufe. A takarda motar ba taka ba ce. In kamfanin ya durƙushe, masu binsa bashi na iya lissafa ta cikin kadararsa. Harajin mota na Jamus daga asusun banki hukumar kwastan ke cira, inshora kuma da sunan kamfanin take; suka yi sakaci da biya, ofishin rajista zai dakatar da motar kai kana Milan ba ka da labari. Inshorar ita kanta a duba ta da kyau: in an shaida wa mai inshora cewa motar a Jamus take kwana alhali kullum tana Italiya, ranar haɗari ne zancen zai taso. Ga gwajin lafiya na duk shekara 2, wanda sai motar ta koma Jamus a liƙa mata sitika a lambar baya. Kuɗin wannan tafiyar ba ya cikin farashin da suke tallatawa.

Dokar Italiya ma ta riga ta san da wannan hanyar. Tun 2022, sashe na 93-bis na dokar hanya ya ce wanda ya wuce wata 3 da zama a ƙasar bai da damar yawo da motarsa mai lambar waje. Tarar yuro 400 zuwa 1,600 ce. In motar ta wani kamfanin waje ce, dole a samu takarda a cikinta mai sa hannun mai ita da tabbatacciyar rana, da ke nuna haya ce ko aro da tsawon lokacin. Amfani ya wuce kwana 30 a shekara, ko da ba a jere ba, sai an shigar da ita rajistar REVE, wato rajistar motocin waje ta Italiya, kuma nauyin yin hakan a kan mai tuƙin yake. Rashin yi tarar yuro 712 zuwa 3,558. Wasu abin da ke jan su shi ne tsere wa ƙarin harajin Italiya na yuro 20 a kan kowane kilowat na ƙarfin inji da ya haura 185, to su sani hukumar haraji na da damar bin diddigin hayar da ta ga ta bogi ce.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yi gwajin a Jamus, a yi rajistar, sannan a dawo da motar a sake mata lambar Italiya da sunanka. Ko nan ba tabbas: amincewar da aka ba mota ɗaya tilo a ƙasar da ta bayar take aiki, Motorizzazione na iya neman rahoton gwajin, tana iya ƙin wani canjin. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka kai jerin canje-canjen ofishin lardinku ka ji wanne za su karɓa, ka kuma sa a yarjejeniya cewa za a ba ka cikakken rahoton injiniyan da fassararsa ta Italiyanci, da sunan wanda zai biya kuɗin tirela in motar ta faɗi gwaji.