Kafin a kai shi gidan gyaran hali: yadda ake zaɓar wurin da zai raba mutum da ƙwaya ko barasa

Yawancin iyalai ba sa fara neman wurin magani sai ranar da tura ta kai bango. An tsinci yaro a sume a ɗaki, ko maigida ya sayar da abin da ba nasa ba, ko an bugo waya daga ofishin 'yan sanda. A irin wannan rana babu mai natsuwar kwatanta wurare, duk wanda ya ce yana da gado kuma zai karɓe shi yau, shi za a bi. Masu cin kasuwa da wannan harka sun san haka sarai. Idan ba rai ne ke hannun Allah a wannan lokacin ba, ku ɗauki kwana biyu ko uku ku yi bincike, domin wuraren sun bambanta ƙwarai, kuma wanda ya yi wa ɗan maƙwabcinku amfani yana iya zama haɗari ga naku.

Abin da ke yanke irin wurin da za a nema shi ne abin da mutumin yake sha, da yawansa, da daɗewar da ya yi a kai. Wanda ya shekara da shekaru yana shan barasa kullum, idan aka yanke masa ita kwatsam, cikin awa 6 zuwa 24 hannunsa zai fara rawa, ga gumi, ga amai, ga rashin barci. Wasu sukan faɗi da jijjiga kamar masu farfaɗiya cikin kwana biyun farko. Mafi muni shi ne abin da kan zo tsakanin kwana na biyu da na huɗu: ruɗewa, gane-gane, zafin jiki, zuciya na bugawa da sauri. Wannan yana kisa idan babu likita. Haka ƙwayoyin sa barci irin su dayazifam da Rohypnol, rage su ake yi sannu a hankali cikin makonni, wani lokaci har watanni. Ga waɗannan biyun, zaɓi na farko asibiti ne mai likita da nas dare da rana, inda za a ba shi maganin da zai kwantar da jijiyoyi da kuma bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Ɗakin da za a kulle shi a ce ya yi haƙuri har abin ya fita daga jininsa ba wurin zuwa ba ne, komai kyan niyyar mai shi.

Kodin da tiramadol da hiroyin kuwa dangi ɗaya ne, kuma lamarinsu ya sha bamban. Yaye jiki daga gare su azaba ce: ciwon gaɓoɓi, gudawa, hamma, majina, hawaye, mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye. Amma da wuya wannan ya kashe babban mutum mai lafiya muddin ana kula da ruwan jikinsa. Haɗarin yana jira ne a bakin ƙofa, ranar da aka sallame shi. Jikin da ya saba ɗaukar ƙwaya goma, bayan wata guda babu ita, ya manta wannan sabon. Idan mutumin ya koma ruwa ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga cibiya ko gidan yari suke cikin lokutan da aka fi rasa masu shan irin waɗannan ƙwayoyi. Duk cibiyar da ta ce za ta wanke masa jini cikin kwana goma ta miƙo muku shi, ba ta kuma ce komai game da abin da zai biyo baya ba, to rabin aiki ta sayar muku, rabin da ya fi sauƙi.

Wiwi da hodar iblis da ais (ƙwayar methamphetamine mai kama da ƙanƙara) ba su cika buƙatar gadon asibiti don yaye ba, sai dai in akwai taɓin hankali, ko mutumin ya fara maganar kashe kansa. Nan kuma likitan ƙwaƙwalwa ake nema da gaggawa.

To, me ke kasuwa? Wanda mutane suka fi sani shi ne gidan gyaran hali na kwana, inda ake zama makonni ko watanni. Amfaninsa a bayyane yake: ya raba mutum da abokan shan da dillalin unguwa, ya dawo masa da tsarin barci da cin abinci, iyali su ma su sami numfashi. Ya dace da wanda gidansu ba zai zaunu ba, ko wanda a gidan ma akwai mai sha, ko wanda aka sha gwada masa magani daga gida abin ya ci tura. Illarsa tsada, da barin aiki ko makaranta, da kuma cewa daina sha a bayan katanga ba shi ne daina sha a titin da ya saba bi ba. Za ku ji ana yawan ambaton kwana 28. Wannan adadi ya samo asali ne daga tsarin da aka gina a jihar Minnesota ta Amurka a wajajen 1950, kamfanonin inshora suka riƙe shi ya zama al'ada. Babu wani sirrin warkewa a cikinsa. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, wato NIDA, ta daɗe tana cewa maganin da bai kai kwana 90 ba tasirinsa kaɗan ne ga yawancin mutane. Kwana 90 ɗin ba lallai a yi su duka a kwance a cibiya ba, abin nufi kada igiyar kulawa ta tsinke.

Na biyu shi ne magani daga gida: mutum yana kwana a ɗakinsa, yana zuwa asibiti ko cibiya sau ɗaya a mako, ko sau uku zuwa biyar idan tsarin mai tsanani ne. Iyalai da yawa suna raina wannan, gani suke in ba a kwantar da shi ba ai ba a yi komai ba. Ni dai ra'ayina, ga wanda yake da aiki ko karatu, yake da gida mai kwanciyar hankali, kuma shi da kansa yana son dainawa, daga nan ya kamata a fara. Kuɗin wata guda na kwana sau da yawa zai biya watanni na wannan. Abin dubawa shi ne me ake yi a zaman. Akwai hanyoyin da aka gwada aka ga amfaninsu: koya wa mutum gane abin da ke tayar masa da sha'awar sha da yadda zai kauce masa, da tattaunawar da ke zaburar da shi ya kawo dalilan dainawa da bakinsa, da tsarin ba da ƙaramar kyauta duk sanda gwajin fitsari ya fito babu ƙwaya. Wannan na ƙarshen yakan ba mutane dariya, amma ga hodar iblis da ais, waɗanda har yanzu ba su da maganin sha da aka amince da shi, yana cikin abin da ya fi aiki. Idan zaman duk wa'azi ne da faɗa da tuna masa irin kunyar da ya jawo, to wannan an yi masa a gida kyauta bai ji ba.

Na uku, wanda aka fi jahilta, shi ne maganin sha na dogon lokaci. Ga dangin hiroyin da kodin akwai metadon da bufirenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin magunguna masu muhimmanci tun 2005. Suna kashe ƙishirwar ƙwayar ba tare da sun bugar da mutum ba idan an daidaita adadin, har ya iya zuwa aiki. Bincike da dama ya nuna suna rage mutuwa da kusan rabi ga waɗanda suka ci gaba da shan su. Za ku ji ana cewa ai canza ƙwaya da ƙwaya ne, an gudu ba a tsira ba. Mai wannan magana bai kwatanta mutumin da ke karɓar adadi sananne daga hannun likita yana komawa wurin sana'arsa da wanda ke yawon neman abin da bai san haɗinsa ba. Ba ko'ina ake samun su ba, dokokin ƙasashe sun bambanta, don haka a tambaya. Mace mai juna biyu da ke shan irin waɗannan ƙwayoyi kada ta daina kwatsam, cikin na iya lalacewa, wannan tsarin ne aka fi ba ta shawara a kai. Ga barasa akwai naltirezon da akamfurosat masu rage ƙishirwa, da disulfiram mai sa mutum ya galabaita in ya kurɓa. Naltirezon yana aiki ga dangin hiroyin ma, amma sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu ƙwayar a jiki. Cibiyar da ta ce ita ba ta yarda da magani ba sam, ku tambaye ta dalili, ku kuma saurari amsar da kyau.

Sai ƙungiyoyin taimakon juna, irin Alcoholics Anonymous (AA) ta masu shan barasa da aka kafa a 1935 a garin Akron na jihar Ohio, da Narcotics Anonymous ta masu shan ƙwaya da ta biyo baya a 1953. Ba a biyan kuɗi, babu likita, masu matsalar ne ke zama suna ƙarfafa juna, kuma yanzu ana yin wasu tarukan ta intanet. Wani babban nazari da aka fitar a 2020 ya nuna cewa ga masu shan barasa, tsarin da ke haɗa su da AA ya kai sauran hanyoyi, wani lokaci ma ya fi su, wajen daina sha gaba ɗaya. Suna da kyau a matsayin abin da za a riƙe bayan magani ko tare da shi. Ba sa maye gurbin asibiti.

Akwai kuma wuraren da ban sa su cikin zaɓi ba: inda ake sa wa mutum mari a ƙafa, a yi masa bulala, a hana shi abinci, da sunan horo ko da sunan addini. A 2012 hukumomi 12 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kiran a rufe cibiyoyin tsare masu shaye-shaye da ƙarfi, domin babu hujjar cewa suna warkarwa. Addu'a da karatu suna ƙarfafa mutane da yawa, kuma cibiya mai kyau takan ba su wuri. Duka kuwa abin da yake haifarwa tuban muzuru ne, da ƙiyayyar iyayen da suka kai shi.

Yaya ake gano na kusa? Ku fara da likitan asibitin da kuka saba zuwa, ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti mafi kusa. Su suka san inda suke tura mutane da inda suka daina turawa. Ma'aikatar lafiya ko hukumar da ke kula da miyagun ƙwayoyi a ƙasa takan riƙe jerin cibiyoyi masu lasisi, wasu ma da layin waya na kyauta. Da intanet kuwa a yi hattara. Sunan da ya fito a sama galibi kuɗi aka biya, kuma wasu lambobin na dillalai ne masu karɓar la'ada a kan kowane mara lafiya da suka kai. Abin ya yi ƙamari a Amurka har Google ya dakatar da irin waɗannan tallace-tallace a 2017, bai dawo da su ba sai da sharaɗin tantancewa.

In kun rage zuwa wuri biyu ko uku, ku je da ƙafarku, gani ya kori ji. Kada fenti da kujerun ofis su ɗauke muku hankali, ku ce a nuna muku inda ake kwana da banɗaki. Wurin da ya hana ku shiga ciki ya riga ya ba ku amsa. Ku nemi ganin lasisi, ku tambayi sunan likitan da ranakun da yake zuwa, da wanda ke kwana da marasa lafiya, da asibitin da ake garzayawa in wani ya faɗi da dare. Ku tambaya ko suna duba ciwon damuwa da sauran matsalolin ƙwaƙwalwa, domin sau da yawa tare suke tafiya da shaye-shaye, da ko suna gwajin ciwon hanta da ƙanjamau ga mai yin allura. In mace za a kai, a ga ɓangaren mata da ma'aikata mata. A rubuta kuɗi a takarda: me ya ƙunsa, magani da gwaje-gwaje na ciki ko daban, kuma nawa ake mayarwa in ya fita kafin lokaci. Wanda ya ce muku kashi 90 ko 100 na mutanensa sun warke, ku tambaye shi yadda ya ƙirga. Alƙaluman da NIDA ke ambata sun nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari sukan koma sha a wani lokaci, kusan daidai da masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi. Cibiya mai gaskiya za ta faɗa muku haka, ta kuma faɗi abin da take yi in hakan ta faru, ko kora take yi ko gyara tsarin magani.

Tambayar da na fi ba nauyi ita ce ta ranar sallama. Wa zai gan shi a makon farko, a ina, ranar yaushe? Wa zai ci gaba da rubuta masa magani? Za a zauna da iyali a koya musu abin yi? In dangin hiroyin ne, za a ba ku nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi, a nuna muku yadda ake amfani da shi? Cibiya mai tsada da ta yi ta kame-kame a nan, ƙaramin asibitin da ya ba ku rana da sunan ma'aikaci ya fi ta.

Idan kuma shi mai matsalar ya ƙi zuwa ko'ina, ku kuna iya zuwa ba tare da shi ba. Akwai tsarin horar da iyali da ake kira CRAFT, wanda ke koya wa uwa ko mata ko ɗan'uwa yadda za su yi magana da shi, da lokacin da ya dace, da yadda za su daina rufa masa asirin da ke ƙara masa ƙarfin gwiwa, kuma ya taimaka wa iyalai da dama sun shawo kan nasu ba tare da an ɗaure shi ba. Ranar da za ku je ganin likitan, ku tafi da kwalabe ko fakitin ƙwayoyin da kuka tsinta a ɗakinsa, zai so ya ga sunan abin da ƙarfinsa kafin ya ce muku ga inda za a fara.