Gandun Dajin Elk Island: Kuɗin Shiga Bai Tafi a Banza Ba

Duk wanda ke zaune a Edmonton, ko ya shigo lardin Alberta na Kanada, ina ba shi shawara ya ware yini guda ya leƙa gandun dajin Elk Island. Tafiyar kusan kilomita 35 ce gabas da gari, a kan babbar hanya mai lamba 16. Wurin ya faɗo daidai inda dajin arewa ke haɗuwa da filayen ciyawa, shi ya sa ake samun namun dajin ɓangarorin biyu a cikin shinge ɗaya.

Bauna ce ta kai ni, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ba irin ta Yankari ba ce. Wannan tana da ƙaton tozo da gemu da gashi mai kauri. Mun bi 'yar hanyar da aka keɓe don kallonsu, a hankali, gilashi a sauke. Wani namiji ya kwanta yana birgima cikin ƙura, da ya miƙe sai ga gashin hunturu yana zazzagowa daga kafaɗunsa kamar tsohon bargo. Har hucinsa ina ji daga cikin mota. 'Yan maruƙan kuwa jajaye ne, ba sa nisa da iyayensu.

Tarihin wurin ya ƙara masa daraja a idona. Dabbar da a da ake lissafa ta da miliyoyi, farauta ta kusa ƙarar da ita a ƙarni na 19. An killace dajin a 1906 don kare manyan barewar elk, sannan a 1907 aka kawo bauna daga jihar Montana ta Amurka. A 1965 aka ƙaro baunar kurmi, wadda babu dabbar tudu da ta kai ta girma a Arewacin Amurka, aka zaunar da ita kudu da titi. Yau daga nan ake ɗiba ana kai wa wasu dazuzzuka; guda 16 aka kai gandun dajin Banff, shi ma a Alberta, a 2017.

A je da sassafe ko da yamma liƙis, domin da rana ta take sai yawancinsu su shige inuwa. A riƙe maganin sauro, musamman a bakin tafkin Astotin, inda za a ga kututturan da beaver, wata dabbar ruwa mai kama da ƙaton gafiya, ta sassaƙe da haƙora.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne wasu baƙi da ke fita daga mota suna matsawa don ɗaukar hoto, har da yara a hannu. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar mita 100, kuma bauna ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba.