Distinshin ɗin MBBS da AOA ta Amurka: wanne ke buɗe ƙofar horon ƙwarewa?

Malam, ka ce 'yarka tana aji biyar a makarantar likitanci nan gida, ta ci distinshin a fatoloji (ilimin cututtuka) da famakoloji (ilimin magunguna), kuma burinta ta tafi Amurka ta ƙware a cututtukan fata. Ka ji ana cewa masu AOA ne ke kwashe gurabe a can, shi ne kake tambaya ko distinshin ɗinta zai zauna mata a madadinsa. Da farko dai Allah Ya ƙara mata basira, cin famakoloji haka ba wasa ba ne. Amma amsar ita ce a'a, ba zai zauna a madadinsa ba.

AOA ƙungiyar karramawa ce ta ɗaliban likitanci, cikakken sunanta Alpha Omega Alpha, an kafa ta a Chicago a 1902. Makarantar da ke da reshenta ce ke zaɓen ɗalibanta. A da kashi 16 cikin ɗari na aji ake ɗauka, daga 2020 aka ɗaga zuwa kashi 20. Ana duba maki, musamman na shekarar zagayen asibiti, a haɗa da jagoranci da bincike da hidima. Distinshin kuwa na darasi guda ne. Yawanci ɗalibi ya kai maki 70 ko sama, a wasu makarantun a sake kiransa gaban mai jarrabawa na waje ya yi masa tambayoyin baka. MBBS ɗinmu ma, wato digirin likita, ba a raba shi ajin farko da na biyu kamar sauran digirori. Ke nan AOA matsayin ɗalibi ne a cikin ajinsa gaba ɗaya, distinshin kuma shaida ce cewa ya gwanance a fanni kaza. Jami'o'in Najeriya ba su da reshen AOA, don haka ko ita ce ta ɗaya a ajinsu, ba ta da hanyar shiga tana ɗaliba.

Inda bambancin ya fi ciwo shi ne a fom ɗin nema. Ana cike shi ta manhajar ERAS, kuma AOA tana da gurbinta na musamman a ciki. Ka ƙaddara daraktan wani shirin horon ƙwarewa yana da gurabe uku ko huɗu, ɗaruruwan takardu sun taru a kwamfutarsa. Ba zai karanta duka ba. Zai tace: masu maki kaza zuwa sama, masu AOA, waɗanda ba su taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Distinshin ɗin 'yarka yana can cikin layin lambobin yabo da ake rubutawa da hannu, da takardar sakamako, da wasiƙar shugaban makaranta. Sai wanda ya buɗe fayil ɗin ne zai gan shi, kuma ko ya gani, bai san ko mutum biyu ne suka ci a ajin ko ashirin ba. Shi ya sa nake cewa ta roƙi makarantarta ta rubuta adadin ƙarara a wasiƙar, cewa cikin ɗalibai kaza, kaza ne kawai suka samu.

Fannin da ta zaɓa kuma yana cikin mafiya tsauri. A rahotannin NRMP, hukumar da ke haɗa masu nema da asibitoci tun 1952, cikin ɗaliban Amurka da suka sami gurbi a fannin fata da tiyatar gyaran jiki, kusan ɗaya cikin uku ko fiye 'yan AOA ne. A likitancin iyali ba su kai ɗaya cikin goma ba. Amma ka lura, ko a fannin fatar mafi yawan waɗanda aka ɗauka ba su da ita. Tana taimakawa a kira mutum ganawa, ba ita ce sharaɗi ba.

Ita AOA ɗin ma tana shan suka a gidanta. Wani bincike da mujallar JAMA Internal Medicine ta buga a 2017 ya nuna cewa ɗalibai baƙaƙe da 'yan asalin Asiya ba su cika shiga ba kamar farare, ko da an daidaita makinsu. Makarantar Icahn ta Mount Sinai a New York ta dakatar da zaɓen ɗalibai a 2018, ta jami'ar California a San Francisco ta bi sahu a 2020. Ni a ganina sukar tana kan hanya, domin makin zagayen asibiti ra'ayin manyan likitoci ne, kuma ra'ayi ba ya rasa son rai.

To me ya rage wa wanda ya yi karatu a waje? Jarrabawar USMLE, ta samun lasisin aikin likita a Amurka, wadda ake yi mataki-mataki. A da makin Step 1, matakin farko, ne ma'aunin kowa, amma tun 26 ga Janairu 2022 sakamakonsa ya koma ci ko faɗuwa kawai. Nauyin ya dawo kan Step 2 CK, wanda har yanzu ake ba shi maki na lamba. Wannan ne wuri guda da ɗalibar Kano ko Zariya da ɗalibin Boston ke hawa sikeli ɗaya. Bayan shi sai takardar shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, da wasiƙun yabo daga likitocin da ta yi aiki a ƙarƙashinsu a asibitin Amurka, da bincike da aka buga da sunanta. A nan distinshin yake biyan kuɗinsa ta bayan gida: wanda ya riƙe fatoloji da famakoloji da kyau ya riga ya ɗauke babban kaso na kayan Step 1, kuma malamai sun fi jawo irinsa cikin bincikensu.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce likitocin waje ƙalilan ne ke shiga fannin fata. A 'yan shekarun nan kusan shida cikin goma na baƙin da suka nema ne ke samun gurbi a dukkan fannoni, ɗaliban Amurka masu digirin likita na MD kuwa sama da tara cikin goma. Mafi yawan baƙin a likitancin manya, na iyali da na yara suke sauka.

Idan kuma ta sauya shawara ta zauna gida, lissafin daban ne. Bayan shekarar hausmanshif (horon asibiti bayan kammala karatu) da bautar ƙasa, jarrabawar farko da ake kira firamare ta kwalejin ƙwarewa ta ƙasa ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma za ta ci, sannan ta nemi gurbi a asibitin koyarwa. A can masu ganawar sun san wahalar distinshin, wasunsu ma su suka yi mata tambayoyin bakan.

Ka ce mata ta fara tambayoyin gwaji na Step 1 tun yanzu da fatolojin ke ɗanye a kanta, kuma ta je sashen fata na asibitinsu ta nemi likitan da zai sa ta cikin rubuta rahoton wani mara lafiya.