Kiristal na gilashi ko na roba: wanne za a rataya wa najafa (fitilar ado ta silin)?

Masu gyaran gida a Makka da Jidda suna yawan tambayar wannan, musamman idan za a ƙawata majalisin baƙi.

A fara da nauyi, don nan ake samun matsala. Gilashin K9, wato nau'in gilashin da ake yin kiristal da shi, ya ninka robar akirilik nauyi fiye da sau biyu: giram 2.5 a kowace santimita kubik (cm³), akirilik kuwa kusan 1.2. Najafa mai ɗaruruwan ƙwayoyin gilashi masu milimita 14 ba a ɗaura ta a silin jibis. Sai an huda kankaren sama an kafa ƙugiya da ƙusa mai buɗewa, in ba haka ba wata rana jibis ɗin ya tsage.

Wajen ƙyalli gilashi ya yi gaba. Gefunansa masu kaifi ne, suna fasa haske zuwa launuka, balle kiristal mai dalma irin na kamfanin Asfour na Masar. Roba ana zuba ta ne a mazubi, gefenta a dakushe.

Ƙura ita ce abokiyar gabar roba, tana janyo ta ta manne. Kada a goge ta da sinadarin goge gilashi ko sifirit na asibiti, sai ta yi tsatsage. Ruwa da ɗan sabulu ya isa. Kwan fitila mai zafi ma yana lanƙwasa ta, a sa LED.

A Jidda, zoben da ke haɗa ƙwayoyin ya zama tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, saboda danshin teku.

Mai gidan kansa da silin kankare, gilashi ya fi masa. Ɗan haya, ɗakin yara, ko mai adon zauren biki da yake ɗaurawa yana kwancewa, roba ta ishe shi, ga araha.